Cimar Dare da Barci: Abubuwan da Ya Kamata a Ƙaurace wa Kafin Kwanciya

1.0 Gabatarwa

A cikin wannan 'yar takarda zan yi ƙoƙari in bayyana dangantakar da ke tsakanin abin da mutum ya ci da dare da irin barcin da zai samu. Abin da ya ja hankalina ga wannan batu shi ne halin da nake tarar da ɗalibaina a darasin ƙarfe takwas na safe. Da yawansu gyangyaɗi suke yi, in kuwa aka bi bahasi sai a tarar sun raba dare suna shan shayi ko Nescafé domin karatu, ko kuma sun cika ciki dab da kwanciya. Zan ɗauki misalaina daga birnin Kano, musamman Nassarawa G.R.A., watau unguwar da Turawa suka keɓe wa ma'aikatansu bayan sun ci Kano a 1903, wadda a yau ta cika da gidajen abinci da tukubar 'yan tsire masu kai wa tsakar dare suna ciniki.

2.0 Cimar Dare Jiya da Yau

A tsarin Bahaushe na gargajiya, tuwon dare shi ne babban kalaci, kuma akan sauke shi ne wajen magariba. A Kano rana takan faɗi tsakanin ƙarfe shida da bakwai, gwargwadon lokacin shekara. Bayan an ci tuwo sai a yi sallar lisha, maza su fita hira, yara su tafi makarantar dare ko dandali, sa'an nan a zo a kwanta. Ta haka akan sami ratar awa biyu zuwa uku tsakanin cin tuwo da kwanciya, ba tare da kowa ya tsara hakan da gangan ba.

Aikin ofis da kasuwanci da wutar lantarki da talabijin sun sauya wannan tsari. Ma'aikaci yakan dawo gida a makare, ya biya ta wurin mai tsire ko mai balangu ya yi ƙunshi, ya ci da ƙarfe goma, ya kora da lemon kwalba, ya kwanta. Saurayi kuwa teburin mai shayi ya zame masa gida, inda zai ci Indomie da soyayyen ƙwai, ya bi da shayi mai kauri. Wannan sauyi na lokaci da na nau'in abinci shi ne tushen matsalar da za mu duba.

3.0 Abubuwa Masu Korar Barci

3.1 Yadda Kafeyin ke Aiki

Goro da shayi da gahawa duk suna ɗauke da wani sinadari da ake kira kafeyin, wanda wani Bajamushe, Friedlieb Ferdinand Runge, ya fara tace shi daga gahawa a 1819. Muddin mutum yana farke, akwai wani sinadari mai suna adenosin da ke taruwa a ƙwaƙwalwarsa, kuma taruwarsa ce ke sa a ji barci. Kafeyin yakan je ya tare gurbin da adenosin ke sauka, sai ƙwaƙwalwa ta kasa jin saƙon gajiya. Gajiyar tana nan, an dai toshe hanyar sanar da ita.

Jikin baligi yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin ya kawar da rabin kafeyin da ya sha. Alal misali, wanda ya sha miligiram 100 da ƙarfe shida na yamma, zai hau gado da ƙarfe goma sha ɗaya da sauran kimanin miligiram 50 a jininsa. A 2013 Christopher Drake da abokan aikinsa a birnin Detroit na Amurka sun nuna cewa miligiram 400, ko da an sha shi awa 6 kafin kwanciya, yana rage barci da fiye da awa guda. Har wa yau, a 2015 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa miligiram 100 kacal yana iya taɓa barcin wasu mutane in an sha dab da kwanciya, ta kuma yi wa mai juna biyu iyaka da miligiram 200 a yini.

3.2 Goro

Goro ya daɗe a ƙasar Hausa. Fatake sun shafe ƙarnoni suna ɗauko shi daga Gwanja, kamar yadda Paul Lovejoy ya bayyana a littafinsa na 1980 a kan fataucin goro, kuma kasuwar Mariri a Kano babbar matattararsa ce. Ba a ɗaurin aure ko suna sai da shi. Sai dai kimanin kashi 2 cikin 100 na busasshen nauyinsa kafeyin ne, saboda haka babban goro guda yana iya kamo kofin gahawa. Masu gadi da direbobin manyan motoci sun san wannan tun tuni, don haka suke riƙe da shi da dare. Dattijon da ke ɓantarar goro a wurin hira bayan lisha, sa'an nan ya koka da rashin barci, ya kamata ya mai da goronsa zuwa hantsi.

3.3 Shayi, Gahawa da Lemon Kwalba

Kofin shayi na yau da kullum yana ɗauke da kimanin miligiram 40 zuwa 50, na gahawa kuwa 80 zuwa 100, kwalbar Coca-Cola kuma sama da 30. Shayin Buzaye, wanda ya zama ruwan dare a majalisun samarin Kano, ganye ake zubawa da yawa a ƙaramar buta a yi ta tafasawa, a sha zagaye uku, kuma an fi zaman shansa da dare. Haka nan lemukan ƙara kuzari da ɗalibai ke sha lokacin jarrabawa sun haɗa kafeyin da sukari mai yawa.

4.0 Abubuwa Masu Ta da Ƙwannafi

4.1 Maiƙo da Cika Ciki

A inda maƙogwaron abinci ya haɗu da tumbi akwai wata tsoka mai kama da zobe, wadda ke buɗewa abinci ya wuce, ta kuma rufe domin kada ruwan tsamin ciki ya komo sama. In mutum yana zaune ko tsaye, nauyin abincin kansa yana taimaka wa wannan tsoka. In ya kwanta da cikakken ciki, sai ruwan tsamin ya sami hanyar malalowa, ya ƙona maƙogwaro. Wannan shi ne ƙwannafi.

Tumbi yakan ɗauki awa 2 zuwa 4 kafin ya sallami abinci zuwa hanji, abinci mai maiƙo kuwa ya fi kowanne daɗewa, bugu da ƙari yana sassauta tsokar da muka ambata. Balangu mai kitse, da tsire mai ƙuli da mai, da soyayyiyar kaza, da farfesun kayan ciki, duk suna cikin wannan aji. A 2005 Yasuhiro Fujiwara da abokan aikinsa a Osaka ta ƙasar Japan sun gano cewa masu kwanciya kafin cikar awa 3 da cin abincin dare sun fi masu jiran awa 4 haɗarin ciwon ƙwannafi har wajen ninki bakwai.

4.2 Yaji

Barkono da attaruhu suna ƙara wa mai ƙwannafi raɗaɗi. Ban da wannan, jikin mutum yakan ɗan rage zafinsa yayin da barci ke gabatowa. A wani ƙaramin gwaji da aka yi a Tasmaniya ta ƙasar Ostireliya a 1992, an ba samari shida abincin dare mai yaji, sai aka ga zafin jikinsu ya ɗaga a farkon dare, barcinsu mai nauyi kuma ya ragu. Mutum shida ba su da yawa, amma sakamakon ya dace da abin da duk wanda ya taɓa cin tsire da yaji a daren bazarar Kano ya sani.

5.0 Abubuwa Masu Ta da Mutum Fitsari

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada gishirin da baligi zai ci a yini ya kai giram 5. Kilishi da yajin tsire da ɗunƙulen ɗanɗano da ƙullin garin da ke cikin taliyar leda duk suna da gishiri ainun. Gishiri yakan jawo ƙishirwa, ƙishirwa ta jawo shan ruwa, shan ruwa kuma ya ta da mutum sau biyu ko uku cikin dare. Kankana da zoɓo da kunun zaƙi, in an sha su da yawa dab da kwanciya, haka suke yi. Wannan ya fi damun tsofaffi da masu ciwon sukari, waɗanda dama fitsarin dare ke addabarsu.

6.0 Abin da Rashin Barci ke Jawowa

Masana barci sun yi ittifaƙi cewa baligi yana bukatar awa 7 ko fiye a kowane dare. A 1999 Karine Spiegel da Eve Van Cauter na Jami'ar Chicago sun taƙaita barcin samari 11 zuwa awa 4 har dare shida, sai jikinsu ya yi rauni wajen sarrafa sukari. Binciken da ya biyo baya ya danganta ƙarancin barci na dogon lokaci da hawan jini da ƙiba da ciwon sukari. Ga ɗalibi kuwa hasarar ta fi kusa, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Wanda ya kori barci da shayi domin ya yi karatu, ya yi tufka ne yana warwara.

7.0 Shawarwari

(a) A ci abincin dare aƙalla awa 3 kafin kwanciya, kuma kada a cika ciki. Koyarwar addini ta a raba ciki uku, abinci da ruwa da numfashi, ta fi dacewa a nan.

(b) A daina goro da shayi da gahawa daga la'asar. Mai son abu mai ɗumi da dare ya sha kunu ko madara kaɗan.

(c) Tsire da balangu a mai da su cimar rana ko ta yamma.

(d) Mai ƙwannafi ya kwanta a kan haƙarƙarinsa na hagu, ya kuma ɗaga kan gadonsa da kimanin santimita 15 zuwa 20. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya ga likita.

(e) A watan azumi a sassauta buɗe-baki, a ci babban abinci da wuri, kuma a ɗan dakata bayan sahur kafin a koma kwanciya.

(f) Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin kada ya sauya lokacin cin abincinsa sai da shawarar likitansa, domin sukarinsa yana iya faɗuwa cikin dare.

8.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa cimar dare tana ɓata barci ta hanya uku: ta hana shi zuwa, ta katse shi da ƙwannafi, ko ta katse shi da fitsari. Mun kuma ga cewa tsarin iyayenmu na cin tuwo da magariba ya yi daidai da abin da bincike ya tabbatar daga baya. Mu da ke horar da malamai muna da hanyar isar da wannan bayani cikin sauƙi, domin kowane ɗalibinmu zai tsaya gaban yara masu yawa. Ina roƙon abokan aiki su sa wannan batu cikin darasin kiwon lafiya da na tattalin gida, su kuma yi wa ɗalibai bayaninsa tun kafin lokacin jarrabawa ya ƙarato. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.