Yadda Kotunan Duniya Ke Shata Iyakar Teku Tsakanin Ƙasashe

A ranar 10 ga watan Oktoba na shekarar 2002 ne Kotun Duniya da ke birnin Hague ta yanke hukunci a kan ƙarar da Kamaru ta kai Nijeriya tun 1994, inda ta mallaka wa Kamaru yankin Bakassi. Abin da jama'a suka fi riƙewa ke nan. Amma akwai sashen hukuncin da ya shafi masu zuba jari kai tsaye, watau yadda kotun ta shata iyaka a cikin teku, inda rijiyoyin mai da wuraren kamun kifi suke.

Yarjejeniyar Dokar Teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa cikakken iko a kan mil 12 daga gaɓarta, da kuma haƙƙin cin arzikin ruwa da na ƙarƙashinsa har zuwa mil 200. To, a wuri irin mashigin tekun Gini, inda ƙasashe ke maƙwabtaka kafaɗa da kafaɗa, rabon wannan yakan kutsa cikin na waccan, daga nan sai rigima.

Abu na farko da alƙalai ke dubawa shi ne ko akwai tsohuwar yarjejeniya. A shari'ar Bakassi sun yi aiki da sanarwar Yaounde ta 1971 da ta Marwa ta 1975, wadda Janar Yakubu Gowon da Shugaba Ahmadu Ahijo suka sa wa hannu. Nijeriya ta ce Majalisar Ƙoli ta Soja ba ta tabbatar da ta Marwa ba, amma kotu ta ce sa hannun shugaban ƙasa ya wadatar.

Inda yarjejeniya ta ƙare, sai a ja layin da nisansa daga gaɓar kowace ƙasa daidai yake. Sannan a duba ko akwai dalilin gusar da shi, kamar tsibiri ko bambancin tsawon gaɓa mai yawa. Kamaru ta nemi a gusa layin saboda lanƙwasar gaɓarta, kotu ta ƙi. A shari'ar Romaniya da Yukren ta 2009 aka fito da mataki na uku a fili, watau a tabbatar rabon bai yi wa ɗaya mummunar kwara ba.

Abin lura ga 'yan kasuwa shi ne, lasisin haƙar mai ba ya kafa iyaka. Kotun ta bayyana cewa ba a la'akari da filayen man da gwamnati ta raba wa kamfanoni, sai in ƙasashen biyu sun amince da su. Haka kuma shari'a na iya tsayar da aiki: a watan Afrilu na 2015 Kotun Dokar Teku da ke Hamburg ta hana Ghana haƙa sababbin rijiyoyi a ruwan da take jayayya da Kwaddibuwa. Kamfanin Tullow ya yi jira har zuwa Satumba 2017, lokacin da hukunci ya bar wa Ghana filayen.

Wasu ƙasashen kan zaɓi sulhu. A 2001 Nijeriya da Sao Tome suka amince su haƙi man ruwan da suke jayayya a kai tare, Nijeriya ta ɗauki kashi 60 cikin ɗari, Sao Tome kashi 40. Saboda haka, kafin mutum ya sa kuɗinsa a harkar mai ko kamun kifi a teku, ya kamata ya fara binciken ko an shata iyakar wurin, da kuma takardar da ta shata ta.