A-kori-kura Mai Dizal da Jan Tirela: A Auna Kaya Kafin a Je Wurin Dillali

A Lafiya da garuruwan da ke kewaye da ita, a-kori-kura ta daɗe da zama jakin manomi da ɗan kasuwa. Ita ke kwaso doya daga Agyaragu, ita ke fito da riɗi da agushi daga ƙauyukan Doma da Obi, ita ke shiga lungunan Awe da Keana da damina, inda ƙaramar mota ba ta ko gwadawa. Yanzu kuma an ƙara mata aiki. Ana ɗaura mata ƙaramar tirela a baya, wani ya ja tankin ruwa zuwa wurin gini, wani babban janareta, wani injin casar shinkafa, wani rumfuna da kujerun haya na biki. A Amurka da Ostireliya irin wannan ja ya fi yawa ga masu ɗaki mai taya da suke yawon buɗe ido da shi, abin da ba a cika gani a nan ba, amma nauyi bai san bambancin ɗakin shaƙatawa da buhunan siminti ba. Mai neman motar wannan aiki yakan isa wurin dillali da tambaya ɗaya: mai dizal ce, tana da ƙarfi? Tambayar ba laifi ba ce, sai dai ta yi gaggawa. Kusan kowace a-kori-kura za ta iya tayar da kaya daga tsaye. Abin da ya kamata ya yanke hukuncin saye shi ne ko za ta iya riƙe kayan a gangare, ta tsayar da su inda direba ya so, kuma ba a sanin wannan sai an san nauyin abin da za a ja.

Kowace mota tana da iyakoki da kamfanin da ya ƙera ta ya rubuta, wasu a littafinta, wasu a ɗan allon da ke jikin ginshiƙin ƙofa ko cikin ɗakin inji. Ɗauki Toyota Hilux mai injin dizal 2.8, wadda dillalai ke alfahari da cewa tana jan kilo 3,500. Gaskiya ne, amma da sharaɗin da ba a cika faɗa ba: sai idan tirelar tana da birkin kanta. Idan ba ta da shi, iyakar ita ce kilo 750 kacal, kuma haka abin yake ga Isuzu D-Max da Ford Ranger da Mitsubishi L200. Yawancin tirelolin da masu walda ke haɗawa a garejinmu da tsohon aksil ɗin mota ba su da birki ko alama. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tanki mai lita 2,000 tan biyu ne tun kafin a sa nauyin ƙarfen da ke ɗauke da shi, wato ya kusa ninka iyakar sau uku. Akwai kuma lamba ta biyu da ta fi ɓoyuwa, ita ce jimillar nauyin mota da tirela a haɗe. A irin Hilux ɗin da aka riƙa sayarwa a Ostireliya a shekarun baya wannan jimilla kilo 5,850 ce, ita kuwa motar ba komai a ciki ta haura kilo 2,000. Idan ka cire tirela mai 3,500, abin da ya rage wa direba da yaran mota da kayan bodi bai wuce nauyin mutum uku ko huɗu ba. Ma'ana, ba a cika bodi da doya kuma a ja cikakkiyar tirela a tafiya ɗaya. Ɗaya za a zaɓa.

Dalilin waɗannan iyakoki yana bayyana ne a kan hanya irin ta Lafiya zuwa Akwanga, wajen tsaunukan Nasarawa Eggon, inda gangaren da direbobi ke kira Many Have Gone ya yi ƙaurin suna shekara da shekaru. Birki yana tsayar da mota ne ta hanyar mayar da gudunta zafi. Idan nauyi ya ninka, zafin ya ninka, idan kuwa gudu ne ya ninka, zafin ya ninka sau huɗu. A dogon gangare direba yana ɗora ƙafa a birki ba ɗagawa, takalman birki su yi zafi har su daina kamawa, man birkin da ya tsufa ya sha danshi ya tafasa, sai a taka a ji ƙafa ta nutse babu komai. A nan ne wata gaskiya game da dizal ke ba mutane mamaki: injin dizal, duk ƙarfinsa a hawa, ba ya riƙe mota a gangare kamar yadda injin fetur mai girmansa ke yi idan an ɗaga ƙafa daga totur. Shi ya sa manyan motocin dakon kaya ke da birkin salansa, abin da yawancin ƙananan a-kori-kura ba su da shi. Mai jan tirela dole ya sauko a ƙaramar giya tun daga kan tudu. Ɗabi'ar sakin mota a firi don a rage shan mai, wadda ta zama jiki ga direbobi da yawa, da tirela a baya ganganci ne tsantsa. Wani zai ce ai an raba hanyar Keffi zuwa Makurdi gida biyu, kamfanin China Harbour ya gama aikin, har an fara karɓar kuɗin shinge a 2025. Haka ne, kuma ta rage karo gaba da gaba. Amma ba ta mayar da tsaunin Eggon fili ba, kuma santsin kwalta yana kiran gudu, shi kuwa gudu shi ne abin da birki ya fi jin jiki a kansa.

Hujjar da ta fi ƙarfi a bakin masu motoci ita ce ta ido: kullum muna ganin Hilux da lodin da ya ninka abin da aka rubuta, tana zuwa kasuwa tana dawowa lafiya. Ba ƙarya suka yi ba. Kamfanoni suna barin rara a ƙirarsu, kuma motar da ke tafiyar hawainiya a hanyar ƙauye tana jure abin da ba za ta jure a babban titi ba. Sai dai ido yana ƙirga waɗanda suka dawo ne, ba ya ƙirga shasin da ya tanƙware a tsakanin kai da bodi, ko kulocin da ya ƙone kafin lokacinsa, ko sifirin da ya karye aka ɗaure da igiyar roba. Sannan kaya a bodi daban, kaya a tirela daban. Na bodi yana danna tayoyin motar da ke da birki, na tirela kuwa yana turo ta daga baya, kuma yana iya kaɗa ta. Ƙa'idar da masu jan tirela ke bi ita ce kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin tirela ya sauka a kan mahaɗin da ke bayan mota. Idan aka jibga kaya a wutsiyar tirela, gabanta ya yi sauƙi, da an kai wani gudu ko babbar mota ta wuce da iskarta sai ta fara wutsil-wutsil, kowane kaɗi ya fi na baya, har ta juyar da motar. Idan kuma aka tara kayan a gaba fiye da kima, gindin mota ya zauna, tayoyin gaba su yi sama-sama, sitiyari ya daina jin magana. Shi kansa mahaɗin abin dubawa ne. Ƙugiyar da aka yi wa walda a jikin bamba ba mahaɗi ba ce, na gaskiya ana ɗaure shi da kusoshi a jikin shasi, da sarƙa biyu na ko-ta-kwana, da waya mai kai wutar birki da sigina zuwa bayan tirela.

Bayan an san nauyi ne maganar dizal ke shigowa, kuma a nan masu son dizal suna da gaskiya. Hilux ɗin da ta fi yawa a Najeriya, irin ta ma'aikatu da kamfanoni, mai fetur ce 2.7, ƙarfin juyinta kusan 245 a ma'aunin Nm, kuma sai an matsa mata wuta take ba da shi. Mai dizal 2.4 tana kai 400, mai 2.8 kuma har 500, tun inji yana juyi a hankali. Wannan shi ne bambancin motar da ke hawa tudu da kaya cikin natsuwa da wadda ke kuka tana cin kuloci. Lita ɗaya ta dizal ta fi ta fetur ƙarfi, injinsa kuma ya fi tattali, musamman a ƙarƙashin lodi. Masu ƙorafin tsadar dizal suna tuna zamanin da gwamnati ke biyan tallafin fetur ta bar dizal ga kasuwa, lokacin da tazarar farashin ke da faɗi ƙwarai. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin ranar 29 ga Mayu, 2023, kuma matatar Ɗangote ta fara sayar da dizal a 2024, lissafin ya sauya, ya kamata kowa ya sake yinsa da farashin gidan man unguwarsu. Duk da haka, wanda zai ja tirela mai sauƙi sau biyu ko uku a shekara bai da dalilin biyan tsadar dizal da tsadar gyaransa, mai fetur ta ishe shi.

Inda aka fi tafka asara shi ne wajen zaɓen wane dizal. Motocin da ake shigowa da su na hannu daga Turai an ƙera su ne don man da farar wutar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, ƙa'idar da Tarayyar Turai ke bi tun 2009. A 2016, lokacin da ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahotonta kan gurɓataccen man da ake kawowa Afirka ta Yamma, dokar Najeriya ta yarda da har 3,000. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50. An samu ci gaba, amma abin da ke kan takarda ba lallai ne ya zama abin da ke cikin jarkar ɗan bumburutu a hanyar Assakio ba, inda algus da kananzir ko ruwa ba baƙon abu ba ne. Sababbin injinan suna fesa mai ta nozul masu ƙananan ƙofofi da matsi mai tsananin yawa, ɗigon ruwa ko ƙura na iya lalata su, kuma canza saiti ɗaya kuɗi ne mai kauri. Na Turai suna da matatar hayaƙi a salansa wadda ke toshewa idan mai ba shi da kyau ko tafiyar gajera ce kullum, wasu kuma suna shan wani ruwa mai suna AdBlue, idan ya ƙare kwamfutar motar ta ƙi ba da wuta. Bakanike yakan cire matatar ya sake saita kwamfuta, motar ta tashi, amma ta koma mai baƙin hayaƙi da ba a san ranar da za ta sake rikicewa ba.

Ba ana nufin tsoho ya fi sabo ba. Tsohon injin Toyota 5L mai lita 3, wanda ba shi da turbo, yana haƙuri da mai maras kyau kuma kowane gareji ya san shi, amma ƙarfin juyinsa bai kai 200 ba, ƙasa da na mai fetur ɗin nan, saboda haka sunan dizal kaɗai ba ya jan tan biyu a tudun Akwanga. Abin da ya fi dacewa da mai ja a kai a kai shi ne dizal mai turbo wanda aka ƙera don kasuwar Afirka ko Gabas ta Tsakiya, wanda akwai kayan gyaransa a Lafiya ko a Apo ta Abuja, da bakaniken da ke da na'urar karanta kwamfutarsa. A guji wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, domin Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma walda a sandar sitiyari ba abin da za a jingina tirela a kansa ba ne.

Ranar saye, a leƙa ƙarƙashin mota a duba shasi daidai bayan kai da wajen maƙalar sifirin, ko akwai sabon fenti ko tabon walda. A tayar da inji da sanyin safiya a kalli hayaƙi, a duba lagireto domin ja yana dafa ruwa, idan kuma giyarta otomatik ce a tabbatar tana da abin sanyaya man giya. A karanta lambobi huɗu na gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, har da tayoyin tirela waɗanda galibi kwance ake sa musu. Ita kuwa tirelar, a cika ta da irin kayan da za ta riƙa ɗauka a kai ta sikelin manyan motoci, irin na masana'antun shinkafa da wuraren fasa dutse. Idan ta haura kilo 750 kuma ba ta da birki, kuɗin sa mata birki na cikin kuɗin motar, a cire shi a ajiye kafin a fara ciniki da dillali.