Daga Ƙofar Doka Zuwa Bakin Teku: Tafiyar Malam da Hajiya Bayan Ritaya

Yau tambaya zan fara yi miki: yaushe rabon da ki yi tafiya da maigidanki ku biyu, ba don biki ba, ba don gaisuwar rasuwa ba, ba don kai mara lafiya asibiti ba? Na yi wannan tambaya a ajin matan aure da nake koyarwa a nan cikin birnin Zazzau, ajin ya kaure da dariya. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, wata dattijuwa da muke kira Hajiya. Da aka tashi ta riƙe hannuna ta ce, "Malama, ni na yi, amma sai da na haura shekara sittin." Ta yarda in ba ki labarin, in dai na sakaya sunanta.

Zaman bayan ritaya

Maigidanta, Malam, ya yi shekara 35 yana aikin gwamnati. Duk tsawon shekarun nan da safe yake fita, sai yamma ya dawo, ya ci abinci ya koma majalisa. Ita kuma tana fama da yara bakwai. Da ya yi ritaya, yaran duk sun watse, wasu na gidan aure, wasu na wurin aiki. Gida ya rage daga shi sai ita, sai rediyo. Hajiya ta ce a nan ta gane cewa hirarsu tun da can ba ta wuce cefane da kuɗin makaranta ba. Da waɗannan suka kau, sai shiru ya maye gurbinsu. Ya fara shiga madafi yana ƙorafin an cika mai a miya, ita kuma ta fara jin nauyin zamansa a gida.

Ga kuma hunturu. Kin san sanyin Zariya a watan Disamba da Janairu, ga hazo, ga iska mai tsaga leɓe da dunduniya. Malam yana da tarin da ke tashi duk shekara a wannan lokaci. Wata rana ɗansu da ke aiki a Legas ya ce su zo su sha ɗumi. Malam ya ce zai zo, amma ba a motar haya ba, kuma ba shi kaɗai ba.

Hajiya ta ce da farko ƙi ta yi. "Malam, tsofai-tsofai da mu? Me mutanen unguwa za su ce? Wa zai kula da awakina?" Shi kuma ya ce, "Hajiya, shekara arba'in kina wanke min kayan tafiya, ba ki taɓa ganin inda nake zuwa ba." Wannan magana ce ta karya mata wuya.

Mota ta zama ɗaki

A Ingila da Jamus da Faransa akwai motocin da ake ƙerawa da gado da madafi da makewayi a ciki. Tsofaffin ma'aikata kan sayi irinsu, idan sanyi ya shigo su gangara kudu, wasu har su tsallaka zuwa gaɓar tekun Maroko wajen Agadir su yi watanni. A Amurka ma haka suke kwarara zuwa Fulorida. Kada ki ɗauka abin na Turawa ne kawai. Kakanninmu fatake da iyalansu suke tafiya Gwanja sayen goro, madugu na gaba, suna yada zango a hanya, matan suna girki. Alhazan da ma da ƙafa miji da mata suke ratsa Cadi da Sudan har gaɓar Bahar Maliya.

Malam bai da irin motar Turawa. Tsohuwar bas ƙirar Hiace ya aro wurin ƙanensa, aka cire kujerun baya biyu, aka shimfiɗa tabarma da katifa, aka sa labule a tagogi. Ɗan ƙanen nasa, wanda direba ne, shi ya riƙe sitiyari. Hajiya ta haɗa guzuri: ƙaramar tukunyar gas, kula, filas, buta biyu, jarkar ruwa, gidan sauro, dambun nama, garin kunu, kuka, daddawa da yaji. Bayan sallar Asuba suka fita ta Ƙofar Doka, Malam yana naɗe da bargo.

A kan hanya

Daga Zariya zuwa Legas ta Kaduna da Abuja da Lakwaja kimanin kilomita 1,000 ne. Direbobin haya kan shanye shi a tafiya ɗaya, su kuwa kwana uku suka yi, domin sun ƙulla sharaɗi tun a gida: ba tafiyar dare, ba kwana a bakin titi. Halin tsaro bai bar wannan ba. Inda suka sauka, cikin harabar gidan ɗan'uwa ko aboki ake shigar da motar.

A Lakwaja suka yi kwanan farko, inda kogin Kwara da na Binuwai suka haɗu. Malam ya nuna mata garin da Turawa suka riƙa kai sarakunan da suka tuɓe. Can aka kai Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, can kuma Sarkin Kano Alu ya rasu a 1926. Hajiya ta ce tun tana yarinya take jin sunan Lakwaja a bakin kakarta a matsayin ƙarshen duniya, sai ga ta tana dama kunu a can.

Tafiyar ba ta rasa cikas ba. Bayan sun wuce Okene taya ta fashe, safayar kuma ba iska. Awa uku suna zaune a gindin bishiya yaron yana neman mai faci. A nan ne kuma aka gano Malam ya baro maganin hawan jininsa a kan taga a gida. Hajiya ta ce ranta ya ɓaci ƙwarai, har ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta tuna ita ma ta mance gishiri. Suka yi ta dariya kamar yara. A zaman nan ne ya ba ta labarin yadda ya taɓa kusa rasa aikinsa shekaru da yawa da suka wuce, ya ɓoye mata don tana da tsohon ciki. Ba ta taɓa ji ba sai ranar.

Kwana na biyu a Sabon Ibadan suka yi, unguwar Hausawa mai tsohon tarihi, suka sami tuwo da kantin magani. Washegari suka shiga Legas.

Ranar da ta ga teku

Bayan sun huta a gidan ɗansu, suka nufi Badagiri, yamma da Legas, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin. Sun ga tsohon gidan benen da 'yan mishan suka gina a 1845, suka shiga kwalekwale suka tsallaka zuwa tsibirin Gberefu, suka bi hanyar rairayin da aka riƙa kora bayi a kanta zuwa jiragen ruwa. Ta tashoshin wannan gaɓa aka fitar da Musulmi da yawa, har da Hausawa, zuwa Bahiya a ƙasar Burazil. Hajiya ta ce a nan ta yi kuka, ta yi musu addu'a.

Sai ga teku. Ta ce, "Malama, ruwa ne ba ƙarshe, yana ruri yana zuwa yana komawa. Na kama rigar Malam ban san na kama ba." Ya ɗebo ruwan a buta ya ce ta ɗanɗana, ta tofar saboda gishiri. Ta tambaye shi ko yana alwala, ya tuna mata abin da muka karanta a aji, cewa Annabi (SAW) ya tabbatar da tsarkin ruwan teku. Suka yi alwala da shi suka yi La'asar a kan rairayi. Kwana uku suka yi a garin, motar tana harabar wani masauki, da rana tana musu ɗaki da madafi a ƙarƙashin itatuwan kwakwa. Tarin Malam kuwa ya lafa.

Idan ke ma kina da niyya

Fara da likita. Mai hawan jini ko ciwon suga a auna shi kafin tashi, a ɗauki maganin da zai wuce kwanakin tafiyar, kuma ya zauna a jakar hannunki. A riƙa tsayawa duk bayan awa biyu a taka ƙasa, domin dogon zama yana kumbura ƙafar tsofaffi. Kudu akwai sauro ko da hunturu, kada a bar gidan sauro.

Bakanike ya duba birki da tayoyi har da safaya, takardun mota su cika. A tambayi direbobin tasha halin hanya kafin a kama ta, a kuma sanar da 'ya'ya kowane zango. Kada a kunna gas ko gawayi a cikin mota a rufe, hayaƙinsa yana kisa cikin barci. A bakin teku a tsaya daga nesa, igiyar ruwan gaɓar nan tana da ƙarfin ja, ko gwanin iyo tana tafiya da shi.

Game da salla, littafin Risala ya kawo cewa tafiyar da ta kai mil 48, wato kusan kilomita 80, ana yi mata ƙasaru: Azahar da La'asar da Lisha su koma raka'a bibbiyu, Asuba da Magariba suna nan yadda suke. Ana farawa bayan an wuce gidajen gari. Idan kun yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya, sai ku cika. Mai kishiya kuma ta sani Annabi (SAW) ƙuri'a yake yi tsakanin matansa idan zai yi tafiya, don haka adalci yana nan ko a kan hanya.

Kuɗi fa? Hajiya adashenta ta kwasa ta haɗa da abin da Malam ya ware daga fanshonsa, yara suka sayi mai. In Legas ta yi nisa, ku fara da kusa: Dutsen Kufena yana nan bayan gari, da yawa cikinmu a Zariya aka haife mu amma ba mu taɓa zuwa gindinsa ba.

Bana ciwon gwiwa ya kama Malam, ko masallacin unguwa da sanda yake zuwa, likita ya hana shi doguwar tafiya. Hajiya ta ce da ta biye wa maganar awaki, da yanzu sai dai labari. A kan kabad ɗinta akwai kwalba cike da rairayin Badagiri, kuma ta ce har yau in an yi Lisha sukan zauna su yi gardamar wanda ya fi wani mantuwa, mai magani ko mai gishiri.

Uwargida, ba sai gida ya yi shiru za ki fara wannan hira da maigida ba. Yau da dare, bayan ya ci ya ƙoshi, tambaye shi garin da ya fi burge shi a duk yawonsa, sannan ki ce kina son gani. Allah Ya ba mu tsawon rai mai albarka tare da mazajenmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.