Ƴan'uwanmu na Jazira da Shuɗin Nilu: su nawa ne a takardun hukuma?

Da wuya a sami gida a ƙasar Hausa da ba ya tuna wani kaka da ya kama hanyar gabas da ƙafa da niyyar aikin Hajji, ya yada zango a Sudan, bai komo ba. Zuriyarsu na can har yau, a ƙauyukan Jazira da bakin Shuɗin Nilu. Amma in muka tambayi adadinsu, kowa da abin da zai faɗa, domin ƙidaya ta ƙarshe da hukuma ta yi ba ta tambayi kowa ƙabilarsa ba.

Sudan ta yi ƙidayar jama'a sau biyar: a 1955-1956, 1973, 1983, 1993 da 2008. Ta farkon ta tambayi ƙabila da harshe, ta kuma sami mutum sama da miliyan 10. Ta 2008 ta sami kimanin miliyan 39, haɗe da Kudu da ta ɓalle a 2011, sai dai an cire tambayar ƙabila da ta addini. Muna iya fahimtar tsoron fitina da ke tattare da irin waɗannan tambayoyi, amma shirun bai kare kowa ba.

Matsalar kuwa ta girmi ƙidayar. Bayan da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas, suka kafa garin Mai Wurno kudu da Sannar. Da aka kammala madatsar ruwan Sannar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka buƙaci hannu, Hausawa da Fulani da Barebari suka shiga ciki. Amma dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗauki ranar 31 ga Disamba 1897 a matsayin iyaka: wanda shi ko iyayensa maza ba sa zaune a ƙasar tun lokacin, baƙo ne. Ke nan mutanen Mai Wurno sun makara da ƴan shekaru kaɗan. An sassauta dokar daga baya, amma sunan “Fallata” ya ci gaba da bin jikoki duk sa'ad da suka je neman takarda.

Inda abin ya fi ciwo shi ne unguwannin da ake kira kambo, a gefen magudanan ruwa. Nan ƴan ƙwadago suke zaune, mutanen Darfur da na yammacin Afirka, wasu iyalan shekaru da dama. Mai hawasha, wato wanda aka yanka wa gona, yana da suna a rajistar Jazira. Wanda ya yi shuka, ya yi noma, ya tsinke audugar, yana aiki ne bisa yarjejeniyar baki ko rabon amfani. Da yawa daga cikin kambo ba a ɗauke su ƙauyuka ba, kuma wurin da ba ƙauye ba ne a takarda, da wuya kasafin makaranta ko asibiti ko famfo ya kai gare shi.

A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu bayan Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu. Ɗaruruwa suka rasu kafin ƙarshen Oktoba, dubbai suka bar gidajensu. A muhawarar da ta biyo baya kowane ɓangare ya riƙa ambaton adadin da ya dace da hujjarsa, ba tare da wata takardar da za ta raba gardama ba.

Sai kuma yaƙin da ya fara ranar 15 ga Afrilu 2023. Dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disamban shekarar, sojoji suka karɓe ta a Janairun 2025, kuma a tsakani ƙauyuka da dama sun watse. Duk wani lissafin agaji ko na aikin yi yana dogara ne ga kiyasi da aka gina a kan alƙaluman 2008. Yaron da aka haifa a kambo bayan waccan ƙidaya ya isa riƙe fartanya, ya ga gudun hijira, mai ƙidaya bai taɓa yin sallama a ƙofarsu ba.