Idan za ku gana da ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa

Rashin barci, yawan firgita, ko yaro ya daina magana bayan gudun hijira, ba hauka ba ne. Kafin ma'aikacin ya taimaka, zai zauna da ku ya yi tambayoyi, kuma akwai ƙa'idojin da dole ya bi.

Ba a farawa sai ya faɗi dalilin zaman kun amince. Tambayar da ta yi muku nauyi kuna iya ƙin amsawa, kuma hakan ba ya shafar katin abincinku.

Shi da tafinta wajibi ne su riƙe sirrinku, sai dai in rai na cikin haɗari. Mace na iya neman mace ta saurare ta. Yaro kuwa, sai da yardar iyaye ko mai riƙonsa.