Ƙaramin jami'in tuƙi a jirgin ruwan dakon mai

Ƙaramin jami'in tuƙi shi ne mafi ƙanƙantar muƙami cikin jami'ai masu lasisi da ke kula da tafiyar jirgin ruwa da lodinsa. A yawancin jiragen dakon mai ana kiransa jami'i na uku, domin kyaftin da babban jami'i da jami'i na biyu duk suna gaba da shi. Duk da ƙanƙantar muƙamin, a kowace rana akwai sa'o'i takwas da jirgin ke hannunsa. Manyan jiragen ɗanyen mai suna kai tsawon mita 330, kuma suna ɗaukar ganga kusan miliyan 2 a lodi guda.

Horo da lasisi

Yarjejeniyar STCW ta shekarar 1978, wadda aka yi wa manyan gyare-gyare a 1995 da 2010, ita ce ta shimfiɗa ƙa'idojin horar da ma'aikatan jiragen ruwa a duniya. Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya, IMO, mai hedikwata a Landan, ita ke kula da yarjejeniyar. Kafin mutum ya samu lasisin riƙe gadi a ɗakin tuƙi, sai ya cika shekara 18, ya yi aƙalla wata 12 a teku cikin shirin horo da aka amince da shi, ya kuma ci jarrabawa. Mai son aiki a jirgin dakon mai yana buƙatar ƙarin takardar shaida kan sha'anin lodin mai da sinadarai. A Afirka ta Yamma ana ba da irin wannan horo a makarantar koyon aikin ruwa ta Oron da ke jihar Akwa Ibom a Najeriya, da kuma jami'ar aikin ruwa da ke Accra a Ghana.

Gadi a teku

Jirgin da ke tafiya ba ya kwana, saboda haka ake raba dare da rana gida-gida tsakanin jami'ai uku. Bisa al'ada, jami'i na uku yana riƙe gadi daga ƙarfe 8 na safe zuwa 12 na rana, sannan daga 8 na dare zuwa 12 na dare. Ana ba shi waɗannan sa'o'i ne saboda galibi kyaftin yana farke a lokacin, ana iya kiransa da sauri.

A ɗakin tuƙi yana tabbatar da inda jirgin yake a kan taswira, yana bin sauran jirage a na'urar rada da kuma da idonsa, yana sauraren rediyo, yana rubuta yanayin iska da teku a littafin jirgi. Dokokin kauce wa karo na 1972 su ne ke fayyace wanda zai ba da hanya idan jirage biyu suka tunkari juna. Jirgi mai cike da mai yakan yi tafiyar kilomitoci kafin ya tsaya, don haka dole jami'in ya yanke shawara tun abin yana nesa. Kyaftin yakan bar umarni a rubuce, kuma abin da ake yawan nanatawa a ciki shi ne a kira shi da zarar an shiga shakka.

Aikin lodi a tasha

Idan jirgi ya isa wurin lodi, kamar Ras Tanura a Saudiyya ko Bonny a Najeriya, a jirage da yawa gadi yakan koma sa'a shida aiki, sa'a shida hutu. Babban jami'i ne ke tsara lodi, ƙaramin jami'i kuma yana aiwatarwa daga ɗakin sarrafa kaya. Yana lura da famfuna da bawul-bawul, yana auna tazarar da ta rage tsakanin mai da saman tanki, yana lissafin yawan man da ya shiga a kowace sa'a, yana gwada shi da lissafin mutanen tasha. Ana fara lodi a hankali domin a tabbatar babu yoyo. Lokacin da ya fi haɗari shi ne sa'ad da tanki ya kusa cika, domin ɗan jinkiri wajen rufe bawul na iya sa mai ya malalo.

Tururin mai ne babban abin tsoro. Domin hana fashewa, ana cika sararin da ke saman mai da wata iska marar cin wuta, yadda iskar oksijin a cikin tanki ba za ta wuce kashi 8 cikin 100 ba. An hana shan taba da amfani da wayar hannu ta yau da kullum a farfajiyar jirgi. Haka kuma ba a shiga tanki sai da takardar izini, bayan an auna iskar da ke ciki.

Kayan ceto da kashe gobara

A yawancin kamfanoni, jami'i na uku ne ke duba kwale-kwalen ceto, rigunan ceto, tukwanen kashe gobara, mesa da na'urorin numfashi. Yakan yi wannan aiki bayan gadin safe, ya rubuta ranar da ya duba kowane abu. Yarjejeniyar SOLAS ta 1974 ta wajabta wa kowane ma'aikaci shiga atisayen gobara da na barin jirgi aƙalla sau ɗaya a wata.

Hutu da gajiya

Doka ta tanadi hutun aƙalla sa'a 10 cikin kowace sa'a 24, da sa'a 77 cikin kwana bakwai. Hatsarin jirgin Exxon Valdez ya nuna muhimmancin wannan ƙa'ida. A ranar 24 ga Maris, 1989, jirgin ya hau kan duwatsun ƙarƙashin ruwa a gaɓar Alaska ta Amurka, kusan galan miliyan 11 na ɗanyen mai suka malale. Jami'i na uku ne kaɗai jami'in da ke ɗakin tuƙi a lokacin, kuma masu bincike sun ambaci gajiya da yawan aiki cikin musabbaban hatsarin.

Zaman jirgi da ƙarin girma

Jami'in yakan yi watanni a jirgi kafin ya tafi hutu gida. Yana da ɗakinsa, yana cin abinci tare da sauran jami'ai, waɗanda sau da yawa 'yan ƙasashe daban-daban ne, shi ya sa Turanci ya zama harshen aiki a mafi yawan jirage. Sauka gari ba ta cika samuwa ba, domin wuraren lodin mai da yawa suna nesa da gaɓa, jirgin kuma ba ya daɗewa. Bayan ya tara watannin aiki a teku yana iya zama jami'i na biyu. Muƙamin babban jami'i da na kyaftin kuwa sai da lasisi na gaba.