Tushen Halin Kirki: Tsakanin Imani da Mulhidanci

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu duba wata tsohuwar muhawara, watau ko imani da Allah ne ya fi dacewa ya zama tushen halin kirki, ko kuwa hankalin ɗan'adam kaɗai ya wadatar, kamar yadda mulhidai, masu musun samuwar Ubangiji, suke da'awa. A ganinmu, abin da ya sa gardamar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa shi ne ana cakuɗa tambayoyi uku wuri guda: yadda ake sanin abu mai kyau, da abin da ke wajabta shi, da kuma abin da ke sa mutum ya aikata shi. Za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Sanin Kyau da Muni

Tun zamanin Girkawa Aflatun ya tambaya, ta bakin malaminsa Sokratis, ko abu yana zama mai kyau ne don alloli sun so shi, ko kuwa sun so shi ne don kyaunsa. Malaman tauhidi na Musulunci sun daɗe a kan irin wannan mas'ala. Mu'utazilawa, irin su Alƙali Abdul Jabbar wanda ya rasu a 1025, sun ce hankali yana gane munin zalunci da ƙarya tun kafin wahayi ya zo. Ash'ariyawa kuwa, waɗanda aƙidarsu ce ta fi yaɗuwa a tsakanin malaman ƙasar Hausa, sun ce abin da ake ba da lada ko azaba a kansa ba ya tabbata sai da umurni ko hanin Shari'a. Maturidi, wanda ya rasu a 944, ya tsaya a tsakiya: hankali yana ganewa, amma Allah ne mai wajabtawa. Duk waɗannan masu imani ne. Ke nan cewa hankali yana gane kyau da muni ba magana ce ta mulhidai kaɗai ba.

Harshenmu ma yana da abin cewa. A 1974 Kirk-Greene ya lissafa siffofi goma na mutumin kirki a wurin Bahaushe. Idan muka lura, kalmomi irin su amana da adalci da hikima da ladabi daga Larabci aka aro su, amma kunya da mutunci na gida ne. Wannan yana nuna cewa Musulunci ya tarar da wani ma'auni na hali, ya gyara shi, ya kuma faɗaɗa shi.

Abin da ke Wajabtawa

A nan ne mai imani yake da ƙarfi. John Stuart Mill, a littafinsa na 1863, ya ɗora kyaun aiki a kan yawan jin daɗin da yake jawo wa jama'a, Kant kuwa a 1785 ya ɗora shi a kan hukuncin hankali. To amma idan mutum ya tabbata cin amana zai amfane shi, kuma babu mai ganewa har abada, me zai ɗaure shi? Mai imani yana da amsa, watau hisabi a gaban Wanda ba a ɓoye masa kome. Kant kansa a 1788 ya ga cewa sai an ƙaddara samuwar Allah da wanzuwar rai kafin nagarta da sakamakonta su haɗu. Mulhidi zai mai da martani cewa alherin da aka yi don kwaɗayin lada ciniki ne. Wannan suka tana da nauyi, kuma Sufaye sun riga shi yin ta, domin sun fifita bautar da aka yi don ƙauna.

Abin da ke Sa a Aikata

A 1973 Darley da Batson sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi da ɗaliban makarantar horar da limaman Kirista ta Princeton a Amurka. An aiki kowane ɗalibi ya je ya yi jawabi, aka kuma ajiye masa wani mutum yashe a hanya yana tari. Cikin waɗanda ba a gaggauta ba, kashi 63 cikin ɗari sun tsaya taimako. Cikin waɗanda aka ce sun makara, kashi 10 kacal. Ashe gaggawa tana iya rinjayar abin da mutum ya yi imani da shi. Tarihi ma bai wanke kowane ɓangare ba. Yaƙin Shekara Talatin, daga 1618 zuwa 1648, wanda saɓanin Katolika da Furotesta ya kunna wutarsa, ya ɗaiɗaita Jamus. Albaniya kuwa a 1967 ta rufe masallatai da majami'u, ta tsananta wa masu ibada har zuwa 1990.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, muna ganin cewa a wajen sanin kyau da muni mai imani da mulhidi sun yi tarayya a abubuwa da yawa. A wajen wajabci hujjar mai imani ta fi cika. A wajen aikatawa kuwa babu aƙidar da ke lamunce wa mai ita hali nagari sai da tarbiyya da hukumomi masu adalci. Saboda haka muna ba malamai shawara, idan suna koyar da ɗa'a a makarantunmu, su riƙa haɗa nassi da dalili, domin ɗalibin da ya san abin da ya sa aka hana zalunci ya fi wuyar a ruɗe shi da sunan addini ko da sunan wayewa.